Madubi a Kwanar Bene

Tun da aka binne Yaya, gilashi ya daina zama lafiya a hannuna. Na fasa tagogi, na fasa saman tebur. Maigida ya ce in na ƙara fasa ko kofin shayi ne, in nemi wani wurin. Yaya ne ya kawo ni shagon gilashin nan lokacin da na gudu daga makaranta, kuma yanzu da aikin nan kaɗai Umma ke ɗora tukunya.

Mota ce ta buge shi, direban bai tsaya ba. Na rasa wanda zan shaƙe, sai nake dukan bangon banɗaki. Hannuna na dama ya kumbura suntum.

Wata rana aka ba mu wani madubi, ya fi ƙofa tsayi, za mu kai shi hawa na uku. Abokin ɗaukata yanzu wani gajeren dattijo ne da ake ce wa Dogo. Shi yana sama yana tafiya da baya, ni ina ƙasa, nauyin duk a kaina. Benen matsattse ne, ba taga, sai warin sabon fenti.

A kwanar farko muka maƙale. Saman madubin ya tokare silin, ƙasansa yana gogar ƙarfen bene. Ba gaba, ba baya, ba wurin ajiyewa.

"Ja mana, Baba!"

"In ja shi ina? Cikin siminti?"

Sai takardar da aka rufe shi da ita ta zame. Madubin yana dab da kumatuna, ba inda zan kai idona. Goshin Yaya na gani a fuskata, da jijiyar nan da ke tashi masa in ya ɗauki nauyi. Gefen madubin ya fara ƙis-ƙis a jikin ƙarfe. Wallahi so na yi in sake shi, in ji ƙarar, ya tarwatse, ya yanka duk abin da zai yanka.

"Kai ɗana," in ji Dogo, "daga nan ina jin haƙoranka. Buɗe bakin."

"Baba, ba lokacin wasa ba ne."

"Buɗe na ce, kamar mai hamma. Tun daga ƙasa ka ƙi numfashi. Saki kafaɗar nan, ba ta ci maka bashi ba. Gwiwa kuma ta ɗan sauka."

Ba ni da zaɓi. Na buɗe baki, muƙamuƙina ya yi ƙara. Na saki iska, amma ba iska ce ta fito ba. Wani gurnani ne, daga can ƙasan ciki, ya cika benen. Na sake ja, na sake saki. Hawaye suka zubo, ga hannuwa biyu duk a ƙarƙashin gilashi, ba na sharewa. Haka na tsaya ina kuka, ina kallon mai kukan.

Dogo bai ce in yi haƙuri ba. Kowa ya riga ya faɗa min wannan.

"Yi abinka, na riƙe," ya ce. Can ya ƙara, "Amma kar ka shafa masa majina, sabo ne."

Dariya ta ƙwace min a tsakiyar kukan, har na ƙware. Na ɗan lanƙwasa gwiwa, madubin ya sauka kamar faɗin yatsa. Sai na ji silin ya sake shi.

"Yawwa! Karkato hagu. A hankali, ba tsere muke ba."

Muka wuce. Zufa ta jiƙe min riga, hannun yana zogi, amma madubin ya daina ƙis-ƙis.

"Yayanka in ya zo kwanar bene waƙa yake yi," in ji Dogo yana haki. "Da muryar nan tasa kamar ƙofar da ta rasa mai."

Na san waƙar. Shi ya ƙirƙire ta don ya tsokane ni: taka, malalaci, taka, ƙafar ba ta aro ba ce.

Na ɗaga kai. Akwai wata kwanar a sama, ta fi wannan matsi. Na gyara riƙo, na ja numfashi, na fara rerawa. Muryata ta fi tasa muni.

"Subhanallahi," in ji Dogo. "Ashe abin na gida ne."