Ran Sunan Ɗan Kofur Hudu

Kofur Hudu ya dawo daga aikin soja a Kwango ana saura kwana biyu sunan ɗansa na fari. Ya iso gida a Shamaki da akwatin ƙarfe da bargo, washegari kuwa da sassafe duba-gari ya yi sallama a zaure. Malam Timoti sunansa, kuma takarda ce ta zo masa daga likitan soja.

Ɗakin Safiyyatu, matar Hudu, bango ɗaya ya raba shi da zauren, saboda haka ba abin da bai shiga kunnenta ba. Sojan da suke kwana tanti ɗaya da mijinta ya kamu da agana a hanyar dawowa. An yi wa kowa lambar rigakafi, amma ta Hudu ba ta kama ba. Don haka har kwana goma sha shida zai kwana shi kaɗai, ya ci a kwanonsa shi kaɗai, a riƙa zuwa kullum da safe ana auna zafin jikinsa. Jariri kuwa, ko yatsa kada ya ɗora masa.

Dada, mahaifiyar Hudu, ta ji wannan ta bayan labule, ta tofar da yawu. Ta ce ita a gidanta ba a kiran sunan wannan ciwo, kuma ɗanta ya tsallake harsashi a ƙasar da ba a san harshenta ba, ba wani mai leƙa tulunan mutane ne zai raba shi da jininsa ba. Hudu ya yi dariya ya ce ai su likitoci sai sun nemo abin rubutawa.

Wannan ba hurumin maganar Safiyyatu ba ne. Mahaifiyarta ta rasu, shi ya sa ta haihu a gidan miji, Dada ke dafa mata ruwan wanka. Kwana shida ta yi tana kunyar ɗan fari yadda aka koya mata: ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, in ya yi kuka sai an kawo mata shi an yi mata faɗa, in tana ba shi nono ta kau da fuska bango. Sai an fita take ƙirga yatsunsa. Ta kuma san agana, ita ta ɗauke mata ƙanne biyu a mako guda.

Ran suna, maza sun fara taruwa a ƙofar gida, amma Hudu bai fita ba. Ta tsagar ƙofa Safiyyatu ta hango shi a kan tabarma a tsakar gida, rana ta fito da zafinta, shi kuwa ya lulluɓa da bargo har wuya. Kokon da aka ajiye masa ƙudaje ke yawo a kai. Da Malam Timoti ya yi sallama, Dada ta tare shi a bakin zaure ta ce Hudu ya tafi Kumo gaida kawunsa, sai jibi.

Daga nan ta shigo ɗakin Safiyyatu ta miƙa hannu za ta ɗauki jaririn. Al'adar gidan ce uba ya tauna dabino ya sa wa jariri a baki, ya riƙe shi a cinya wanzami ya yi aski. Safiyyatu ta riga ta kai hannu. Ta suri yaron ta manna shi a ƙirji, a gaban Dada da mata uku na maƙwabta.

"Ke, lafiyarki kuwa? Ɗan fari kike rungumewa a gabana?"

"Dada, ki yi haƙuri. Jikin babansa da zafi. Ba zai taɓa shi ba."

Matan suka riƙe baki. Ɗaya ta ce yaran yanzu sun jiƙa kunya sun shanye. Dada ta ce dama wanda ya tashi ba uwa haka yake, ba wanda ya faɗa masa abin da ake yi da wanda ba a yi. Hudu ya ɗago kai daga tabarma, idanunsa jajur, ya ce Safiyyatu ta miƙa yaron yanzun nan ko ta ga abin da ba ta so.

Safiyyatu ta ji ƙarar keken Malam Timoti ana juya shi a waje. Ta matsa jikin bango ta ɗaga murya, muryar da mazan ƙofar gida ba su taɓa ji ba tun da aka kawo ta.

"Malam Timoti! Yana ciki. Yana rawar ɗari tun asuba."

Malam Timoti ya nemi izini sau uku ba a amsa ba, ya shigo. Ya sa wa Hudu ma'auni a baki, ya duba, ya ce kowa ya ja da baya. Kafin azahar an tafi da Hudu rumfunan da ake keɓe masu ciwon a bayan gari, an yi wa duk mutanen gidan lamba har da jaririn. Liman ya raɗa suna a gurguje, baƙi suka watse suka bar tuwo a tukunya.

Daga ranar Dada ta daina dafa ruwan wanka. Safiyyatu ke jan itace da kanta, ta hura wuta, yaron goye a bayanta kowa na gani.

Kwana uku bayan haka Malam Timoti ya zo ya ce ƙuraje sun fito wa Hudu a goshi da tafin hannu, amma yana shan kunu, yana magana. Dada ta juyo ta nuna Safiyyatu da muciya ta ce bakinta ne ya kira masa ciwon, kuma ran da ta yi arba'in ta nemi wani gidan.

Safiyyatu ta ce to. Ta sauko da yaron ta buɗe damtsensa, ta tambayi Malam Timoti ko wannan kumburin shi ne ake nufi. Ya duƙa ya duba da kyau, ya ce lamba ta kama.