Hular Gashin Keziah

Tun ranar da bunun ɗakin girki ya rufto mata da wuta a ka, gashin Keziah bai sake tsirowa ba. Mijinta Sila yana barikin soja a Ikko lokacin, har yau bai ga tabon ba. Abin da ya iya shi ne aiko mata da hular gashi ta hannun wani kofur ɗan garin Danko. Ita take sawa ƙarƙashin ɗankwali, gashin na leƙowa ta gefen kunne, ko a coci ba mai ganewa.

Amma kayan kanti ba sa tsufa da mutunci. Hular ta fara zuba, tsakiyarta ta yi sanƙo, ragar ciki ta bayyana. Sai ga saƙo cewa Sila zai iso hutu a motar ranar kasuwa. Hankalin Keziah ya tashi, don ba abin da take tsoro kamar ya ga kan nan nata a buɗe.

Ta naɗe hular a zane ta kai wa Altine, makitsiyar da duk Zuru ake yabo. Altine mutuniyar kirki ce, sai dai ba a haifi mai koya mata gashi ba. Ta jujjuya hular ta ce yunwa ce kawai ke damun gashin, ba a ba shi mai. Ta kifa ta a bayan ƙwarya, ta wanke da ruwan zafi da sabulun salo, ta lafta man shanu, ta sa matsefi ta ja yadda take yi wa 'yan matan Fulani. Gashin ya yi ta bin matsefin dunƙule-dunƙule, Keziah na kallo.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata," in ji Altine. "Wanda yam mutu shi ka hita. Sabo na nan tahe."

"Inna, wanga ba shi da saiwa."

Altine ta ɗaga hular, ta hango rana ta cikin ragar, jikinta ya yi sanyi. Suka nemo gashin wutsiyar doki suka ɗinka da allura, ya tsaya cirko-cirko kamar tsintsiya, ragar ma ta yage. Altine ta yi ta ba da haƙuri, ita kanta tana hawaye.

Ranar kasuwa Keziah ta ja ɗankwali har kan gira ta zauna a ɗaki. Ta jiyo Sila a ƙofar gida yana gaisawa da maƙwabta, yana dariya, yana tambayar ina matarsa. Ta ƙara ɗaure ɗankwalin. Takalminsa na soja ya tsaya a bakin labule.