Ranar da Sallau Ya Ja La'asar

A shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya gama cika, Talatar Mafara ta wayi gari da baƙin da ba ta gayyata ba. Wasu sun raɓa da dangi, wasu sun bi motocin kamfani neman aikin lebura, wasu kuwa suna yawo a kasuwa ido buɗe kamar ba su gama farkawa ba. Sallau yana cikin waɗannan. Shekara ashirin yana limanci a wani ƙauye ta wajen Maradun, sai ruwa ya shanye ƙauyen da masallacin, har da makabartar da ya binne matarsa. Ya zo ya shimfiɗa buzunsa a barandar masallacin mahauta, nan kwana nan yini.

Ba ya roƙo, ba ya zagi. Abinsa ɗaya ne: da hantsi sai ya tafi bakin sabuwar magudanar siminti ya durƙusa yana gaida ruwa, gaisuwa mai tsawo har da tambayar gajiya da iyali, ya saurara, ya gyaɗa kai. Ya ce ta ƙofar gidansu ruwan ya biyo, ba zai rasa labari ba. Mahauta su yi dariya, su kuma yanko masa balangu.

Liman Hamidu, mai masallacin, mutum ne da tsantseni ya yi wa yawa. In ya yi shakkar ko ya shafi kunne, sai ya sake alwala tun daga farko. Yana tausayin Sallau ƙwarai, amma a ransa ya daɗe da yanke cewa bawan Allahn nan ya taɓu.

Wata Talata, saura kwana uku manyan baƙi su zo ganin dam, sai ga mota mai raga ta tsaya a bakin masallaci. Jibrin duba-gari ya sauko da takarda a hannu. An ba shi umarni ya kwashe duk wanda ba shi da gida ba shi da hankali, a kai shi gidan mahaukata can birni. Kowa ya san wanda ya shiga can mari ake sa masa a ƙafa, kuma ba kasafai ake sake jin ɗuriyarsa ba.

Mahauta suka bar rumfunansu suka kewaye motar. Jibrin ya cire hula ya share gumi.

"Allah shi gahwarta Malam, ni ma aiko ni anka yi," in ji shi. "Amma kai ka san Sallau. In ka shaida min hankalinai lau yake, in bar shi nan."

Ido ya koma kan Liman Hamidu. Bai taɓa shaidar zur ba, kuma ko da safen nan ya ga Sallau yana hira da ruwa. Sallau kuwa yana zaune yana naɗe buzunsa a hankali, kamar mai shirin tafiya cin kasuwa.

Ladan ne ya ceci Liman da kiran La'asar.

"Mu yi salla tukuna," in ji Liman.

Aka yi alwala, har da Jibrin. Aka tada iƙama. Liman ya tsaya a gaba, ya dubi bango, ya daɗe. Sai ya juyo, ya ratsa sahu, ya kamo hannun Sallau ya kawo shi gaba, shi kuma ya koma baya.

Ba wanda bai san cewa babu salla a bayan mahaukaci ba. Ɗanliti, sarkin fawa, shi ya fara gyara tsayuwa ya haɗa ƙafa da na kusa da shi. Sahu ya miƙe har baranda, Jibrin yana tsakiya, ba hanyar fita.

Sallau ya yi kabbara, da wata murya cikakkiya da ba su san yana da ita ba. La'asar a ɓoye ake karatunta, don haka sai shiru ya sauka. Liman Hamidu ya ji hayaniyar kasuwa tana nisa, tana nisa, har ta koma kamar ana yin ta a wani gari. Hasken da ke shigowa ta taga ya ga yana rawa a bango, kore-kore. Da suka yi sujada sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci, ya ji sanyi yana bin bayansa, ya manta da mota, ya manta da tsoronsa. Bai san tsawon lokacin da goshinsa ya yi a ƙasa ba. Raka'a huɗu cif, ba ƙari ba ragi, Sallau ya yi sallama.

A waje Jibrin ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, in sake tawa?"

"Kai ka sani," in ji Liman. "Ka ga inda yak kuskure?"

Jibrin ya dubi mahauta. Ba wanda ya tashi zai sake salla, suna ta sa takalma suna komawa kan namansu. Ya ninke takardar ya cusa aljihu, ya shiga mota. Da ta juya, Liman ya ga mutum huɗu a bayan raga, waɗanda aka kwaso daga tasha, ba wanda ya san ko sunansu. Kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai har ƙarar motar ta ɓace.

Da ya shiga gida rana ba ta yi ja ba, lokacin La'asar bai fita ba. Ya rufe ƙofar ɗakinsa don kada kowa ya gani, ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga hannuwa zai sake sallar. A nan ya tsaya. In ya yi kabbarar nan, ya ba da shaidar cewa Sallau mahaukaci ne, wadda ya ƙi bayarwa a gaban Jibrin, kuma wannan karon a gaban Wanda ba a ɓoye wa komai.

Ya sauke hannuwansa.