Kaset Na Goma Sha Bakwai

Ƙanena Mikail bai taɓa iya gajeriyar tambaya ba. Tun yana ƙarami, in aka aike shi sayen daddawa sai ya tsaya jin tarihin mai daddawar. Da ya girma sai jami'a ta mayar masa da halin sana'a, har da liƙa masa Dakta a gaban suna. Aikin nasa shi ne bin ƙananan ƙungiyoyi a zamanin soja, na teloli da 'yan garuwa da malaman firamare, yana tambayarsu yadda suke haɗa kai su yi kuka, da yadda ake murƙushe su in sun yi. Shekara uku yana yawo lungu-lungu da rikoda a jaka.

A shekarar da kame ya yi tsanani, ya shigo gidanmu na Madabo bayan azahar da buhu a kafaɗa. Kaset arba'in da biyu ne a ciki, kowanne ya rubuta masa "Tafsirin Azumi" da lamba. Ya ce duk wanda aka ji muryarsa a ciki ya shiga uku.

"Yaya Uwani, in kika ji an tafi da ni, ki goge su duka," ya ce, ya nuna mini wani jan maɓalli a jikin rikodata.

Sati biyu ba su cika ba aka ɗauke shi daga ofis. Na so in ƙona su, amma a unguwarmu ko albasa ka soya sai maƙwabta sun san da wane mai, balle warin roba. Don haka na riƙa ɗora rikodar a kan taga, in danna jan maɓallin, in ci gaba da aikina a tsakar gida. In gefe ɗaya ya ƙare in juya. Kwana goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki, na zuba su a tsohuwar kwalla na tura ƙarƙashin gado. A lokacin gani nake na yi jarumta.

Wata goma sha huɗu ya yi a tsare. Ya fito kunnensa na hagu ba ya ji, ya bar ƙasar, can ya rubuta littafinsa daga 'yan takardun da suka tsira. Bai dawo ba sai a 1999, da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Gari ya cika da hotunan 'yan siyasa, waɗanda jiya ba su iya ɗaga ido, yau kowa cewa yake da shi aka yi gwagwarmaya. Mikail kuwa ana ta kiransa taro, ana ɗaga littafin nan mai dogon sunan Turanci kamar zirin tsiya. Ban iya karanta ko baƙi ɗaya a ciki ba, amma na yi alfahari da shi.

Wata Alhamis da hantsi, yana wurina yana shan koko, wata tsohuwa ta yi sallama. Da sanda ta tako tun daga Gwale. Ta ce sunanta 'Yardada, ita ce mahaifiyar Ilu tela. Na ga kofin ya tsaya a hannun Mikail. Ilu shi ne sakataren ƙungiyar teloli, shi ya ja su zanga-zanga a kan rashin wuta da kalanzir. An kama shi wata guda bayan Mikail, kuma gawarsa aka kawo wa uwarsa, aka ce ciwon ciki ne.

Mikail ya ɗauka maganar kwamitin da sabuwar gwamnati ta kafa don jin koke ne ya kawo ta, ya shiga yi mata bayanin yadda ake rubuta ƙorafi. Ta bar shi ya kai aya.

"Ɗan nan, kwamiti ba zai dawo mini da shi ba," ta ce. "Ilu ya taɓa gaya mini wani malamin jami'a ya sa maganarsa a kaset. Fuskarsa tana nan a idona. Muryar ce na fara mantawa."

Mikail bai dube ni ba, ya tashi ya ɗauko littafin, ya buɗe inda Ilu ya yi magana, yana karantawa yana mayarwa Hausa. Amma don ya kare mutanensa ya sauya wa kowa suna da unguwa da sana'a, Ilu ya koma Isiyaku maƙeri a Shahuci. Maganar kuma ta je Turanci ta dawo, duk ta zama ta 'yan boko. 'Yardada ta saurara cikin haƙuri, sannan ta ce ɗanta tela ne, kuma ba haka yake magana ba.

Ni na gaya mata gaskiya, cewa an goge kaset ɗin, don ni na yi aikin. Ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Ba ta zarge ni ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi a kunna kawai, ko babu muryarsa a ciki ta ji. Na jawo kwallar. Mikail ya ce na Ilu su ne na sha bakwai da na sha takwas.

Muka fara da na sha takwas. Awa guda muna zaune muna jin gidana na shekara huɗu baya: daka, kukan kaji, ƙarar guga a rijiya, da ni ina zagin akuyar maƙwabta. Na ji na tsani muryata. Muka sa na sha bakwai, gefen farko haka, na biyu ma haka, har zaren ya kusa ƙarewa. Sai dakan ya yanke ƙat. Ashe ranar an ɗauke wuta ban lura ba.

Muryar Mikail ce ta fito, ta ƙuruciya, a tsakiyar tambaya. Yana ta jan ta, yana kawo misalin wasu ƙasashe, yana cewa wato abin da nake nufi shi ne. Ina kallon zaren yana tafiya, kamar in miƙa hannu cikin rikodar in toshe masa baki. Minti biyu cur ya cinye. Sannan wani ya yi gyaran murya, sau biyu, ya ce, "To, Malam…" Rikodar ta tsaya.

Mikail ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro. Haushin da nake ji ya koma tausayi. Shekara uku yana yawo don a ji muryar mutanen nan, ga abin da ya rage, kuma kusan duk tasa ce.

'Yardada ba ta yi kuka ba. Ta matso da kunnenta jikin rikodar.

"Shi ne," ta ce. "Tun yana yaro haka yake yi in zai faɗi abin da yake tsoro. Mayar mini baya."

Muka mayar. Sau tara muka mayar, har aka kira la'asar, kuma kowane karo sai mun bi ta cikin tambayar Mikail kafin mu isa.

Ba ta da rikoda a gida, na ce ta tafi da tawa. Mikail ya kama yatsanta ya nuna mata maɓallin kunnawa da na mayarwa, ta ɗaure kaset ɗin a gefen mayafinta. Kafin ya saɓa rikodar ya raka ta, na shiga kicin na ɗauko wuƙa, na ɓamɓare jan maɓallin.