Kafofin Iskar da Nouhou Ya Liƙe

Da Nouhou ya san abin da zai biyo baya, da ya bar sanyi ya shiga gidansa yadda ya ga dama.

Hunturun 2010 ne, a wani dogon bene na La Courneuve, a bakin birnin Paris. Matarsa Balkisa tana jego, jaririyarsu Raliatou kuma tari take tun ranar suna. Shofaj ɗin gidan, wato na'urar ɗumama ɗaki, da ƙyar yake ɗumi. Nouhou ya bi bango da tafin hannu yana neman inda iska ke shigowa. Ga kafa saman taga, ga wata a madafa, ga ta banɗaki mai zuƙa ba hutawa. Ya sayo sikoc mai faɗi, irin na liƙe kaya, a unguwar Barbès, ya yayyanka kwali, ya liƙe su duka. Ƙasan ƙofa ma ya cusa tsohon zane.

"Malam, gida kake gyarawa ko kaya kake ɗaurewa a kai Damagaram?" in ji Balkisa.

"Yi dariyarki. Ba ki ji ɗumi ba?"

Ta ji, ba ta musa ba.

Ranar Litinin ya tafi Lyon, inda kamfaninsu ya samu aikin fenti. Washegari da hantsi ya kira gida. Balkisa ta ce Gwaggo Husainatu, ƙanwar babanta, ta zo daga unguwar Château Rouge da kasko da gawayi. Ta hura garwashi, ta zuba turaren wuta, wai ba a barin mai jego babu wuta.

"Ɗaki ya yi daɗi," ta ce, muryarta a sanyaye. "Sai dai kaina ke sarawa. Gwaggo ma ta kishingiɗa. 'Yarka kuwa ko tari babu, barci kawai."

Nouhou ya yi hamdala. Yana murna ya ba abokin aikinsa Bukari labari. Bukari ya saki buroshi a ƙasa.

"Gawayi? A gidan da ka ce ka liƙe? Kai, Nouhou! Iskar gawayi kisa take! Kira ta, ta buɗe taga!"

Ya kira. Waya ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ya sake. Ya kira ta Gwaggo, shiru.

Ya buga wa 'yan kwana-kwana, sai na Lyon suka ɗauka. Faransancin nan da yake lallaɓawa da shi ya gudu daga bakinsa. "Ma femme, bébé, charbon," yake ta faɗi, wato matata, jaririya, gawayi, har Bukari ya fizge wayar ya karanta musu adireshi.

Da kayan aikinsa ya ruga tasha, hannu duk fenti, ya faɗa jirgin ƙasa mai zuwa Paris. Bai iya zama ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana salati, yana kallon yatsunsa. Su suka danna sikoc ɗin nan, har ya bi da farce don kada iska ko kaɗan ta wuce.

Sun yi nisa waya ta yi ƙara. Wani ɗan kwana-kwana ne, yana magana a hankali don ya gane. Sun ɓalle ƙofa. Matan biyu sun farfaɗo, an sa musu iska a hanci. Jaririyar an wuce da ita asibiti.

"Ta buɗe ido?"

"Tana numfashi, Monsieur."

"Na ce ta buɗe ido?"

Jirgin ya shiga ramin dutse, magana ta yanke.

Da sauran tafiya kafin Paris. Nouhou bai san ko Raliatou za ta farka ba.