Hoton Fidencio a Teburin Mamata

Su uku ne a gidan, a wata unguwa ta birnin Oaxaca: Doña Eufemia, wato Uwargida Eufemia, tsohuwa mai gidan, da surukarta Hortensia, da jikarta Citlali, 'yar shekara tara. Suna da tsakar gida mai bishiyar lemun tsami, da kare, da abin da za su ci. Abin da ba su da shi shi ne Fidencio, ɗan tsohuwar, mijin Hortensia, uban yarinyar. Ya tafi arewa neman aiki. Ya yi waya daga bakin hamada ya ce gobe za su tsallaka iyaka, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

A gidan ba a cewa ya ɓata. Cewa ake yi, "In Fidencio ya dawo." A ɗakin da yake saƙa ake saukar da ɗaliban da ke zuwa daga ƙasashen waje koyon Sifaniyanci, hotonsa na nan a kan taga, yana dariya cikin malafa.

Ɗalibar bana Lorna ce, 'yar Kanada, doguwa har sai ta duƙa a ƙofar kicin. Mai kirki ce, kullum tana neman abin da za ta taimaka da shi. Citlali ta mayar da ita ɗalibarta.

"Ke Doguwa, haka ake cin abinci a garinku? Rabin miyar na rigarki."

"Yi min a hankali, malama ƙarama. Barkonon nan zai kashe ni."

"Wannan? Ko karenmu zai raina shi."

Ana saura 'yan makonni bikin mamata, ranar da mutanen garin suka yi imani waɗanda suka rasu na dawowa gida ziyara, wani mutum ya tsaya a ƙofar gida da rana tsaka, lokacin Hortensia na wurin aiki. Citlali ta gane shi, Nabor ne, wanda suka tafi tare da babanta. Ya rame ƙwarai. Bai shigo ba. Ya cire malafarsa ya riƙe a ƙirji.

"Citlali, je ki ba kare ruwa," in ji tsohuwar.

"Na ba shi, Kaka."

"Ƙara masa."

Daga gindin lemun ba ta jin maganarsu. Ta dai ga kakarta ta dafa bango. Da dare aka ci abinci kamar kullum, ba wanda ya ambaci baƙon. Amma a da, in waya ta yi ƙara, Doña Eufemia ke riga kowa isa, ko da ƙullin masara a hannunta. Tun ranar nan sai ta bar ta tana ƙara har wani ya ɗauka. Citlali ta lura, ta kuma ji tsoron tambaya.

Ranar biki aka kafa teburin mamata a falo, kamar kowace shekara. Aka jera kyandir, da burodi, da koko, da turaren wuta. Aka ɗora hotunan waɗanda suka rasu, kowa da abincin da yake so a gabansa. Citlali da Lorna suka zuba furen rawaya a ƙasa, siririyar hanya daga ƙofar gida har gaban teburin, don kada mamatan su ɓata. Citlali ta san doka ɗaya, don bara ta tambaya an kwatse ta: hoton mai rai ba ya hawa teburin nan. Wanda aka ɗora, an kira shi cikinsu ke nan.

Doña Eufemia ta tafi kasuwa. Hortensia na kicin. Citlali ta shigo falo da tulin fure, sai ta tsaya cik.

Babanta na kan teburin, tsakanin kakanta da wata gwaggo, hasken kyandir na rawa a fuskarsa. Lorna na gefe tana gyara masa zama.

"An manta shi a ɗakina," ta ce da murmushi. "Na ga kowa na nan ban da shi. Na goge masa ƙura."

Furen ya zube daga hannun yarinyar. "Mama!"

Hortensia ta fito tana share hannu. Da ta ga hoton, ta juya kan Lorna.

"Wa ya sa ki? Wa ya ce miki mijina ya mutu?"

"Señora, ban... na ɗauka..."

"Kin ɗauka! Daga zuwanki kin binne min miji?"

Ta nufi teburin, amma ta tsaya da hannu a miƙe. Ba ta san wanne ya fi muni ba, a bar shi ko a sauke shi bayan ya riga ya zauna cikinsu. A waje kare ya soma haushi. Ƙofar gida ta yi ƙara, suka ji takun tsohuwar a hankali, tana bin gefen hanyar furen don kada ta taka.

Citlali ta matsa jikin bango. Ta san abin da zai faru. Kaka za ta yar da kwandon, ta fizge hoton, ta tofa addu'a, wataƙila Lorna ta kwana a wani gida yau. Tana so hakan ya faru. Tana so a yi faɗa mai ƙarfi, hoton ya koma kan taga.

Doña Eufemia ta tsaya a bakin falo, ta daɗe tana kallon hoton ɗanta.

"Doña Eufemia, dubi abin da yarinyar nan ta yi," in ji Hortensia. "Bari in sauke shi."

"Bar shi, 'yata."

"Me kika ce?"

"Na ce ki bar shi. Baƙuwa ta yi abin da na kasa."

Ta ajiye kwandon. Ta ɗaga ganyen ayaba da ke sama, ta zaro wani ɗan ƙunshi daga can ƙasa, ta buɗe. Soyayyiyar fara ce, ja wur da barkono da lemun tsami. Ba mai cin ta a gidan, kuma cikin mamatan da ke teburin ba wanda aka taɓa ajiye wa. Fidencio kaɗai ke son ta. Tsohuwar ta juye ta a ƙaramin faranti, ta ajiye a gaban hoton, ta kunna sabon kyandir.

Hortensia ta zauna a ƙasa, cikin furen. Lorna ta rufe baki da hannu biyu.

Citlali kuwa farantin take kallo. Kaka ba ta san an ɗora hoton ba lokacin da take kasuwa, amma ta sayo farar. Yarinyar ta gane babanta ya mutu, kuma kakarta ta sani tun ranar da Nabor ya cire malafarsa a ƙofar gida.