Allunan Bango a Ƙasan Falonmu

Mijina ba injiniya ba ne. Akawu ne, ya tsufa yana buga hatimi a ofis. Amma tun ranar da ya gyara fankar maƙwabta da bakin cokali unguwa ta laƙaba masa Injiniya, shi kuma ya ɗauki abin da gaske.

Da aka sabunta ofishinsu, sai ga shi da mota cike da allunan da aka ɓamɓare daga bangon ɗakin taro. Ruwan ƙasa ne, sirara, sai ƙyalli suke, kowanne da tsagi-tsagi a jiki. Na ce masa bangon falonmu bai kai ƙarar kowa ba.

"Wa ya ce miki bango? A ƙasa zan shimfiɗa su."

Ya kira Kafinta. Kafinta ya ɗauki guda, ya lanƙwasa shi kamar kwali, ya ce, "Injiniya, wannan fa na kallo ne, ba na takawa ba."

"Shi katakon ya san inda aka sa shi ne?"

"Bai sani ba, amma ƙafa za ta gaya masa."

Kafinta ya rataya jakarsa ya tafi. Maigida ya tuɓe riga, ya kwana uku a durƙushe da gwangwanin gam.

Kar in ci zalinsa, ranar farko falon ya yi kyau. Washegari aka fara kiɗa. Simintin ƙasa ba a baje yake ba, don haka kowane allo da irin kukansa, na bakin ƙofa ma kamar akuya aka take wa wutsiya. Ƙura ta tare a tsagin, tsintsiya ta kasa fitar da ita. Sai dokoki suka biyo baya: ba takalmi, ba jan kujera, baƙo ya bi ta gefen bango. Ƙafafun kujerun kuwa tsofaffin safarsa ya sa musu.

Ana haka Yaya ta zo mana kwana biyu. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goye shi, doka ba ta hawa kanta. Da safe yana ofis ta leƙa falon, ta ja tsaki.

"Wannan dauɗar kuke zama a kai?"

"Yaya, ya ce ba a sa masa ruwa."

"Shi ma haka ya ce min yana yaro."

Bokiti uku ta kwarara, da sabulu. Ni dai na riƙe mata tsumma.

Maigida ya dawo da azahar, ya ga falo fes, har ya yaba mini. Ya shiga, ya rufe ƙofa, ya miƙe a doguwar kujera. Kafin la'asar allunan sun sha sun ƙoshi. Suka kumbura, suka yi tozo, na bakin ƙofa ya miƙe ya tokare ta. Ƙofar kuwa ciki take buɗewa, tagar kuma da ƙarfe.

"Uwar yara! Wa ya kulle ni?"

"Aikinka ne, Maigida."

Dole aka nemo Kafinta. Ya zo a natse, ya tsaya a taga, ya miƙa masa sukurdireba ta tsakanin ƙarafa.

"Kwance hinjin sama tukuna. A'a, Injiniya, hagu ake juyawa. Ɗayan hagun."

Maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa da tasa shawarar. Yaya ta jawo kujera ta zauna tana fifita, tana ba su labarin yadda ya taɓa maƙale kansa a tukunya.

Ƙofa ta fita, shi ma ya fito, gumi har gwiwa. Bai kalli kowa ba, ya ce a fili take, ruwa ne ya ɓata aikin.

Sati guda muka yi muna ɓamɓara. Allunan sun tafi bola, amma gam ya ƙi tashi. Har yau wanda ya shiga falonmu da silifas, da ƙafa ɗaya yake fita, ya dawo ya ɓalle ɗayan.